SAYEN SAFA DA CIYAR DA ITA: SHARHI A KAN SHIRYE-SHIRYEN SUFURIN JAMA'A NA 1988 DA 2012 DA 2023

1.0 GABATARWA

Aƙalla sau uku a cikin shekara 35 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta fito da babban shiri don sauƙaƙa wa jama'a zirga-zirga a cikin birane, watau a 1988 da 2012 da kuma 2023. Kowane ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan ya biyo bayan tashin farashin man fetur ne, kuma kowannensu ya ta'allaƙa a kan abu guda, shi ne sayo motocin safa a rarraba. Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora shirye-shiryen uku a kan sikeli, ta faɗi abin da suka yi daidai, ta fito da inda suka kauce hanya, sa'an nan ta kawo shawarar gyara.

Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin karewa a gaban wannan taro shi ne cewa ƙarancin motoci alama ce kurum ta ciwon. Ainihin ciwon yana wurin kuɗin tafiyar da motocin, da kuma irin yarjejeniyar da ake ƙullawa da masu tuƙa su. Muddin aka ci gaba da ware kuɗin saye ba tare da an tanadi kuɗin ciyarwa ba, to, duk bayan 'yan shekaru za a sake taruwa a yanka ƙyalle a ƙaddamar da sababbin motoci, alhali tsofaffin suna can bayan gareji a ɗore a kan duwatsu. Za mu fi jingina da birnin Kano wajen kawo misali, mu kwatanta shi da birnin Ikko, mu kuma leƙa wasu biranen ƙetare a inda leƙawar za ta amfane mu.

2.0 KUƊIN KAFAWA DA KUƊIN TAFIYARWA

Kafin mu shiga sharhin, ya kamata mu bayyana abin da muke nufi da sufurin jama'a. Muna nufin motar da take bin hanya sananniya, a lokaci sananne, a kan kuɗi sananne, kuma take tashi ko ta cika ko ba ta cika ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya bambanta ta da hayis ɗin da yake tsaye a tasha yana jiran lodi ya cika. Ma'aikaciyar jinyar da za ta karɓi aiki da ƙarfe 7 na safe, da ɗalibin da zai shiga jarrabawa da ƙarfe 8, abin da suke bukata shi ne tabbacin cewa mota za ta zo. Tabbaci kuwa abu ne mai tsada, domin safar da ta tashi da mutum biyar da ƙarfe 9 na dare faɗuwa ta yi a wannan zuwan, kuma tilas a sami wanda zai cike giɓin.

Kuɗin da sufuri yake ci iri biyu ne. Na farko shi ne kuɗin kafawa, watau na sayen mota da gina gareji da tasha da rumfunan jira. Wannan sau ɗaya ake biyan sa. Na biyu shi ne kuɗin tafiyarwa, watau na man dizal da baƙin mai da tayoyi da batir da sauran kayan gyara, da albashin direba da kwandasta da makaniki, da inshora, da kuma abin da ake ajiyewa kaɗan-kaɗan domin a maye gurbin motar ranar da ta tsufa. Wannan kullum ne, kuma in an tara shi tsawon rayuwar mota sai a ga ya ninka kuɗin sayenta. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan bambanci a sha'anin doki: kuɗin doki rana ɗaya ake ƙirga shi a kasuwa, amma harawa da dusa da kanwa sai ranar da dokin ya bar turke. Da wannan ma'auni za mu auna shirye-shiryen.

3.0 SHIRYE-SHIRYEN UKU A TAƘAICE

3.1 Shirin 1988

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki. A shekarar nan litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5, dala kuma, wadda a farkon shekarar kusan kunnen doki take da naira, ta haura naira 3 kafin shekarar ta ƙare. Da yake galibin motoci da kayan gyaransu daga waje suke, sai sabuwar mota ta gagari masu haya, tsofaffin kuma suka dinga mutuwa. A kan haka ne kasafin kuɗin 1988 ya zo da shirin sufurin jama'a na birane, wanda ya taimaka wa jihohi su sami motoci, daga baya kuma aka ba ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa rance. A wannan zamani da bayansa ne sunaye irin su Kano Line da Borno Express da Yankari Express da Benue Links suka cika tituna.

3.2 Shirin 2012

Ran 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa naira 141. Bayan yajin aiki da zanga-zanga aka tsaya a naira 97. A cikin makon farko na rikicin aka ƙaddamar da shirin safa 1,600 masu shan dizal, waɗanda za a miƙa wa ƙungiyoyin direbobi da na ƙwadago da kamfanonin sufuri bisa rance mai sauƙi.

3.3 Shirin 2023

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kafin watan Yuli ya ƙare kuma ta haura 600. A jawabinsa na 31 ga Yuli ya yi alkawarin kashe naira biliyan 100 kafin Maris 2024 don sayen motoci 3,000 masu kujeru 20 da ke aiki da iskar gas, a raba wa manyan kamfanonin sufuri a jihohi, su biya cikin wata 60 da ruwan kashi 9 cikin 100 a shekara.

Adalci ne mu faɗi cewa shirye-shiryen nan ba su tashi a banza ba. Na 1988 ya bar hukumomin sufuri na jihohi waɗanda wasunsu suka rayu shekara da shekaru, suka kuma taimaka wajen daidaita kuɗin mota tsakanin garuruwa. Na 2023 kuwa ya yi tunani mai kyau da ya waiwayi iskar gas, domin ƙasar nan tana da ita da yawa, kuma ta fi dizal araha. Sukar da za mu yi ta shafi ginshiƙin da aka ɗora su a kai.

4.0 INDA SHIRYE-SHIRYEN SUKA KAUCE

4.1 An ƙirga kuɗin doki an manta da harawa

Duk shirye-shiryen uku sun ɗauka cewa da zarar mota ta hau titi za ta ciyar da kanta, ta kuma biya bashin sayenta, daga kuɗin fasinja kaɗai. Bari mu gwada wannan zato da alƙaluman 2023. In aka raba naira biliyan 100 gida 3,000, kowace mota ta tashi a kan naira miliyan 33 da 'yan kai. In za a biya wannan cikin wata 60 da ruwan kashi 9, to, biyan kowane wata ya kai wajen naira 690,000. In motar tana aiki kwana 26 a wata, ke nan sai ta fitar da kusan naira 26,600 kowace rana don bashi kaɗai, kafin a zuba mata gas, kafin a sallami direba, kafin a taɓa taya. Motar kuwa kujeru 20 gare ta, an kuma ce an kawo ta ne don talaka ya sami rangwame. Mai irin wannan mota hanya biyu ce a gabansa, ko dai ya ɗaga kuɗin mota har rangwamen ya ɓace, ko kuwa ya daina gyara.

Daɗin daɗawa, kayan gyara da farashin dala suke tafiya, fasinja kuwa da naira yake biya. A watan Yuli 2023 dala tana ƙasa da naira 800 a kasuwar hukuma, amma kafin Maris 2024, watau wa'adin da aka ɗiba don kammala sayen, ta haura naira 1,500. Abin da ya sami masu haya a 1986 shi ne ya sake dawowa, kuma shirin bai tanadi wata garkuwa a kansa ba.

4.2 Tallafin fetur ya ciyar da kishiyoyin safa

Akwai wani al'amari da ba a cika lura da shi ba. Babbar safa dizal take sha, gwamnati kuwa ta daɗe da cire hannunta daga farashin dizal. Hayis da tasi da babur da a-daidaita-sahu da motar gida su ne masu shan fetur. Ashe ke nan duk tsawon shekarun tallafi gwamnati tana biya wa ƙananan motoci wani kaso na mansu, ta bar babbar safa tana sayen nata a farashin kasuwa. A 2022 kaɗai tallafin fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4, kuma a shekarar ce farashin dizal ya ninka har fiye da sau biyu. Saboda haka masu cewa ƙasar nan ba ta da halin tallafa wa sufuri sun manta cewa ta yi shekaru tana tallafa masa da maƙudan kuɗi, sai dai ta ba wanda ya fi cinye titi ya fi ɗaukar mutum kaɗan. Safar 2012 a cikin wannan kasuwa aka jefa su.

4.3 An guje wa cikin gari

Shirin 1988 na birane ne, haka sunansa ya nuna. Amma duk wanda ya san tashoshin hukumomin sufuri na jihohi ya san cewa akasarin aikinsu ya koma tsakanin gari da gari, kamar Kano zuwa Kaduna ko Maiduguri zuwa Jos. Dalilin a fili yake. A doguwar tafiya mota ba ta tashi sai ta cika, kuɗi a tasha ake karɓar su gaba ɗaya a rubuta, ba kuma cunkoso. A cikin gari kuwa ana hawa ana sauka, kuɗin ƙanana ne suna hannun kwandasta, motar kuma tana ƙona mai a tsaye. Hukumar da aka ce ta ciyar da kanta tilas ta bi inda riba take. Wasu ma har suka buɗe ƙofa ga masu motocin kansu su shafa fentin hukuma, su yi lodi a tasharta, su biya kamasho. Bai kamata a ga laifin manajojin ba, domin abin da tsarin ya koya musu ke nan.

4.4 An bar tsarin balas yadda yake

Motocin da aka ba ƙungiyoyi da 'yan kasuwa sun faɗa cikin tsarin da aka saba, watau mai mota ya yanka wa direba kuɗin da zai kawo kowace rana, abin da ya ragu bayan mai shi ne rabonsa. Direban da yake ƙarƙashin balas ba shi da albashi, saboda haka kowane fasinja da ya gani a bakin titi abincin gidansa ne. Daga nan ake samun tsere da tsayawa a tsakiyar titi da cusa mutane fiye da ƙima, da yanka hanya gida biyu in an ga jama'a ta taru, da ƙin shiga unguwar da ba ta da ciniki, da jinkirta juyen mai har inji ya buga. Wa'azi da tara ba za su kawar da waɗannan halaye ba, domin yarjejeniyar ce take haifar da su. Sabuwar mota a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya tsohuwar mota ce mai jiran lokaci.

4.5 Rangwamen sanarwa

Inda gwamnatoci suka yi yunƙurin rage kuɗin mota, da sanarwa suka yi shi. Alal misali, a watan Agusta 2023 Gwamnatin Jihar Legas ta rage rabin kuɗin motocin da ke ƙarƙashinta, bayan wata uku kuma rangwamen ya koma kashi 25. Niyyar mai kyau ce, amma rangwamen da ba doka ce ta kafa shi ba, ba kuma wata mashiga ta kuɗi aka ɗaure masa ba, ba wanda zai iya gina lissafi a kansa, ko fasinja ko mai mota ko bankin da zai ba da rance.

5.0 BIRNIN KANO A MATSAYIN MA'AUNI

Tarihin zirga-zirgar Kano ya isa shaida. Bayan zamanin kiya-kiya da tasi, tsadar motoci ta buɗe wa acaɓa ƙofa. A wajen 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babur mai ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, musamman don ɗaukar mata. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a kan babur, a-daidaita-sahu kuma ya gaje titi. Wannan shi ne tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mutum 60 da safa ɗaya za ta kwashe sai a-daidaita-sahu 20 sun ɗauke su uku-uku, kowanne da injinsa da hayaƙinsa da filin da yake ci a titi.

Yadda birnin ya dogara da wannan abin hawa ya fito fili a Fabrairu 2021 da Janairu 2022, lokacin da masu a-daidaita-sahu suka yi yajin aiki saboda saɓani da hukumar KAROTA a kan haraji da takardun izini. Ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa suka taka a ƙasa, domin babu wata mota ta biyu da za a koma wa. A ƙarshen 2022 gwamnatin jiha ta sayo safa 100, ta kuma sanar da hana a-daidaita-sahu bin wasu manyan tituna, amma ba a je ko'ina ba aka janye hanin. Hani ba ya tsayawa sai in fasinja ya ga abin da ya fi wanda aka hana shi.

Har wa yau akwai matsalar rarrabuwar iko. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da tashoshin mota, birnin Kano kuwa ya bazu a ƙananan hukumomi 8, watau Birni da Kewaye da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nassarawa da Kumbotso da Ungogo. Titi yana hannun ma'aikata ɗaya, lasisi yana hannun wata, lodi kuma yana hannun ƙungiya. In mota ba ta zo ba, wa fasinja zai tuhuma? Babu ɗaya daga cikin shirye-shiryen uku da ya sa amsa wannan tambaya ta zama sharaɗin karɓar mota.

6.0 GANI GA WANE

6.1 Mashigar kuɗi

A 1971 Faransa ta kafa wani haraji a yankin Faris, wanda masu ɗaukar ma'aikata suke biya gwargwadon jimlar albashin da suke bayarwa, aka kuma keɓe shi ga sufurin jama'a. A 1973 aka faɗaɗa shi zuwa sauran manyan birane. Hujjarsu ita ce, mai masana'anta yana cin moriyar safar da take kawo masa ma'aikata a kan lokaci ko da shi kansa bai taɓa shigarta ba. A biranen da ke wajen Faris wannan haraji yakan ɗauki kusan rabin nauyin sufuri. Kishiyar wannan kuwa shi ne abin da ya faru a Santiyago ta ƙasar Cile, inda aka buɗe sabon tsari a Fabrairu 2007 da zaton zai ciyar da kansa. Domin lissafin ya daidaita sai aka rage yawan motoci, jama'a suka yi ta cirko-cirko a tashoshi, har dai a 2009 majalisa ta yi dokar tallafi na dindindin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

6.2 Irin yarjejeniya

Dokar sufuri ta 1985 ta gwamnatin Margaret Thatcher ta sakar wa kamfanoni mara a Birtaniya daga Oktoba 1986, kowa ya bi hanyar da ya ga dama ya yanka kuɗin da ya so. Landan kaɗai aka ware. A can hukuma ce take zana hanyoyi da lokuta da kuɗin mota, ta karɓi kuɗin fasinja, sa'an nan kamfanoni su yi takarar kwangilar tuƙa kowace hanya. Bayan shekara kusan 30, fasinjojin Landan sun ninka, na sauran manyan biranen Ingila kuwa sun ragu da kusan rabi. Lalle akwai wasu dalilai, kamar yawan tallafin da Landan take samu da ƙaruwar jama'arta, amma hukuncin da mutanen ƙasar suka yanke ya isa ishara: dokar 2017 ta ba birane damar komawa tsarin Landan, yankin Manchesta kuma ya fara komawa a Satumba 2023 ya kammala a Janairu 2025. Haka nan a Bogota ta ƙasar Kolombiya, tsarin TransMilenio da aka buɗe a Disamba 2000 ya raba mai karɓar kuɗi da mai tuƙi. Kuɗin suna shiga asusun amana, daga nan a biya kamfanonin manyan hanyoyi gwargwadon kilomitar da suka yi. Direban da ake biya a kan kilomita ba shi da dalilin yin tsere.

6.3 Tafiya da masu sana'ar

Kada a ce waɗannan misalai na nesa ne. A Dakar kamfanin safa na gwamnati ya durƙushe a 1998. Da aka tashi sabunta ƙananan motocin birnin, sai aka sa masu su suka haɗu ƙungiya-ƙungiya, kowa ya miƙa tsohuwar motarsa a farfasa a biya shi, ya kawo kashi 25 na kuɗin sabuwa, ya kuma yarda da hanya tsayayya da tashoshi tsayayyu da tikiti da albashin direba. Tsakanin 2005 da 2008 motoci 505 suka hau titi a kan waɗannan sharuɗɗa. Abin lura shi ne cewa sabuwar motar ta zama ladan sauya tsari.

A nan gida ma muna da misali. Jihar Legas ta yi dokar kafa hukumar LAMATA a 2002, ta kuma ware wa wani asusun sufuri kaso daga kuɗin rajistar motoci da lasisi. Ran 17 ga Maris 2008 aka buɗe hanyar safa mai kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Gwamnati ta keɓe layi ta gina tashoshi, ƙungiyar haɗin gwiwa ta 'yan NURTW kuma ta sayi motoci da rancen banki, da sharaɗin kuɗin tikiti su fara shiga hannun bankin ya cire nasa kafin ya miƙa saura. Ba da jimawa ba hanyar ta riƙa ɗaukar wajen mutum 200,000 a rana. Daga baya kulawa da motocin ta yi rauni, har aka shigo da wani kamfani a ƙarshen 2015. Wannan ya nuna cewa keɓe layi da tsare kuɗi suna biyan bashi, amma sai an tilasta gyara da ajiyar kuɗin maye gurbi a cikin yarjejeniya kafin abin ya ɗore.

7.0 SHAWARWARI DA ABIN DA ZA A IYA CEWA A KANSU

Bisa abin da ya gabata muna ba da shawara huɗu, muna kuma ɗaukar Kano a matsayin wurin gwaji.

Ta farko, majalisar dokokin jiha ta kafa hukuma guda mai zana hanyoyi da lokuta da kuɗin mota a dukan birnin. Kada hukumar ta mallaki mota ko ta ɗauki direba, domin alƙali ba ya zama mai ƙara.

Ta biyu, dokar ta kafa asusun sufuri ta kuma ambaci mashigarsa da suna: kaso na kuɗin rajistar motoci da lasisi, da harajin da ake karɓa daga masu a-daidaita-sahu, da kuɗin ajiye mota a kewayen Kantin Kwari da Sabon Gari, da kuɗin talla a jikin motoci da rumfuna, da wani kaso tsayayye daga ƙarin rabon da jihohi suka samu daga asusun tarayya bayan janye tallafi a 2023.

Ta uku, a ba da kwangilar tuƙi ta hanyar takara, a biya a kan kilomita, a ƙara wa mai kiyaye lokaci a rage wa mai saɓawa, a kuma rubuta yadda farashin kilomita zai motsa in mai ko dala sun motsa. Direba ya koma mai albashi, kuɗin fasinja kuma su shiga asusu ta tikiti ko kati.

Ta huɗu, Gwamnatin Tarayya ta daina raba motoci kamar goron salla. Jihar da ta kafa hukuma da asusu, ta kuma buga lissafinta a fili kowace shekara, ita za a taimaka wa, naira bisa naira.

Mun san akwai ƙorafi. Wani zai ce harajin albashi irin na Faransa ba zai tara abin kirki ba a birnin da akasarin mutanensa ba su da albashin wata. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu sa shi cikin jerin ba. Amma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa, da jami'o'i da manyan asibitoci, suna iya sayen tikitin wata ga ma'aikatansu, wanda zai ba asusun kuɗi tabbatattu tun farkon wata. Wani zai ce gwamnatin da ta saba riƙe wa 'yan kwangila kuɗi ba za a amince ta biya kilomita a kan kari ba. Wannan shi ne ƙorafi mafi nauyi, amsarsa kuwa ita ce asusun amana a hannun banki, wanda zai biya kai tsaye kowane mako ba tare da jiran sa hannun wani babba ba, kamar yadda aka gani a Bogota da Ikko. Wani kuma zai ce wannan sabuwar ƙofar cuwa-cuwa ce irin ta tallafin fetur. Bambancin shi ne kilomita abu ne da na'urar bin sawu take ƙirgawa, fasinjan da yake tsaye a rumfa kuma shaida ne ko mota ta zo ko ba ta zo ba. Game da dubban matasan da suke ci daga a-daidaita-sahu kuwa, darasin Dakar ya wadatar: a ba ƙungiyoyinsu fifiko wajen kwangila da horon tuƙi da kanikanci, a kuma bar musu hanyoyin cikin unguwa su riƙa kawo fasinja bakin babban titi.

Ba lalle ne a fara da dukan birnin ba. Hanya guda ta isa gwaji, kamar wadda ta taso daga Janguza ta bi ta sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki da Kabuga ta sauka Bata. In aka riƙe ta shekara biyu, safa tana zuwa duk minti goma, lissafi kuma yana fita duk wata uku, jama'ar sauran unguwanni da kansu za su nemi a kai musu.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bambanta kuɗin kafawa da kuɗin tafiyarwa, muka nuna cewa shirye-shiryen 1988 da 2012 da 2023 sun biya na farko sun bar na biyu a wuyan fasinja da direba. Mun nuna yadda tallafin fetur ya ƙarfafa ƙananan motoci a kan safa, da yadda neman riba ya kori hukumomin jihohi daga cikin gari, da yadda balas yake cinye sabuwar mota. Dalilin da ya sa ake maimaita kuskuren ba ɓoyayye ba ne: mota ana jera ta a ɗauki hoto, juyen mai kuwa ba wanda yake ganin sa. Saboda haka aikin da ya rage wa malamai da ɗalibai shi ne su sauya tambayar da ake yi wa masu mulki. In an ce an sayo safa ɗari, a tambaya nawa ne daga cikin na bara suka fita aiki yau da safe, kilomita nawa suka yi, kuma daga wane asusu za a sayi tayarsu baɗi. Muna fata masana tattalin arziki da masu tsara birane da ke wannan zaure za su gwada waɗannan shawarwari da alƙaluman garuruwansu, su gyara abin da yake bukatar gyara. Allah Ya sa mu dace.